Kwamfutar da Ba a Faɗa Wa Ba

Talata, 10:15 na safe

Yau sati biyar ke nan da waccan Talatar. Ina guga ne, rigar maigidana mai ratsin shuɗi, littafina a kife a kan kujera, shafi na sittin da huɗu. Na tuna sai da na zare dutsen guga daga wuta kafin in kira shi a waya. Wannan na tuna sosai. Sauran ba sai na rubuta ba. Ranar Juma'a aka sallamo ni daga asibiti.

Da na dawo na tarar Umma da yayarsa sun gyara gidan tas. Durowar ƙasa da na jera kayan jariri ba komai a ciki, har takardar da na shimfiɗa sun cire. Ƙaramin bahon da ke bayan ƙofa ma babu shi. An faɗa wa kowa: dangi, maƙwabta, telan da na ba ɗinki. Duk wanda ya gan ni sai ya rage murya.

Kwamfuta ce kaɗai ba a faɗa wa ba.

Tasa ce, ta aiki, irin wadda ake naɗewa. Da ita yake zana gidajen mutane, shi ya sa 'yan layinmu ke ce masa Injiniya. Bayan aurenmu ya buɗe mini ɓangarena a ciki don karatun littattafaina. A nan na sa wata 'yar manhaja mai ƙirga satin ciki. Na rubuta mata kwanan wata sau ɗaya, tun daga nan take ƙirgawa, duk Asabar ta ƙara ɗaya.

Yana fita aiki nakan buɗe. Yau ta ce: sati na ashirin da bakwai, ya kai girman kabeji, yana jin muryarki.

Na yi shara.

Alhamis, 4:40 na yamma

Kwamfutar ba ta da lafiya. Ta daɗe tana nauyi, amma yanzu manhajar zanensa ma ba ta buɗewa. Da ya taɓa ta sai fuskar ta koma shuɗi ta mutu. Ɓangarena kuwa yana buɗewa, yakan yi minti biyar ko shida kafin ya ɗauke. Ni ya ishe ni.

Yana da aiki a hannu: wani mai sayar da tayoyi zai ɗora bene a kan shagonsa, kuma dole zanen ya shiga ofishin masu ba da izinin gini kafin ƙarshen wata. Na Mai Taya ne babban aikin da ya samu tun da ya bar ƙarƙashin ubangidansa ya tsaya da ƙafarsa.

Juma'a, 6:10 na yamma

Ya dawo daga wurin mai gyara, wanda suke ce wa Dakta. Yana cire takalmi yake ba ni labari.

"Dakta ya ce wanka za a yi mata."

Na ce, "Wanka kamar yaya?"

"Fomat. A goge komai, a sake zuba mata babbar manhajar da take tafiya a kai. Kada ki damu, littattafanki da hotuna duk za a kwashe a filash. Manhajoji ne kawai za su tafi, sai a sake sawa."

Na ce to.

"Matsala ɗaya. Kafin a goge sai an samo lambar lasisinta. Harufa ashirin da biyar ne, biyar-biyar. In aka wanke babu ita, shi ke nan, an rufe ƙofa makulli yana ciki."

Ya kifa kwamfutar a kan tebur yana nuna mini. "Nan ya kamata a ce akwai 'yar takarda manne, mai ƙyalli. Kin ga gurbinta? Wani mai tsabta ne ya ɓare."

Na leƙa. Na ce, "Ikon Allah."

Ya ce Dakta ya yi masa tayin ta bayan fage, wadda ba ta neman lamba. Ya ƙi. Ya ce wanda yake zana wa mutane tushen gida ba ya ɗora nasa aikin a kan na sata.

Asabar, 9:05 na safe

Ashirin da takwas. Kwakwa. Yana buɗe ido yana rufewa.

Asabar, 2:30 na rana

Bari in rubuta, tun da ba mai karantawa.

Ni ce mai tsabtar.

Satin farko da na tare, ba abin da na bari da takarda a jikinsa. Faranti, kofi, firiji, butar shayi, har gindin bokiti. Umma ta ce amaryar da ta bar takardar kanti a kayanta ƙazama ce. Da ruwan ɗumi da farce na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan kwamfutar na ga tata ta fi kowacce kyau, in ka karkata ta sai ta canza launi. Na kasa jefarwa. Gefe ɗaya ya ɗan yage, amma rubutun bai taɓu ba. Na manna ta a cikin bangon baya na littafin da nake karantawa a lokacin, na matuƙin jirgin nan da ya auri mai sayar da furanni. Na ɗaya zuwa na uku ne. A na biyu na manna.

Na biyun yana sama, wurin maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, tun watan da ya wuce na wancan.

Da na ce masa "ikon Allah" jiya, ina ganin takardar a idona.

Litinin, 11:20 na safe

Na hau sama. Rabona da matakalar nan tun kafin waccan Talatar.

Maman 'Yan Biyu ta buɗe ƙofa da kumfa har gwiwar hannu. Tana ganina ta yi saurin tura keken yaran bayan labule da ƙafa. Na yi kamar ban gani ba.

"Ah, Amarya! Yau rana daga ina ta fito? Shigo, shigo."

Na ce littafina na zo karɓa, na biyu.

"Wai na ɗan iskan matuƙin jirgin nan? Ke, ni fa mutumin nan ya ishe ni. Ka bar mace da furanni kana yawo a sama? In ni ce, tukunyar furen zan kifa masa."

Na yi dariya. Har na ji abin baƙo a bakina.

Ta tono shi daga ƙarƙashin matashin kujera, gefensa duk an tauna. "Yi haƙuri, Hassan ɗina ne, haƙori yake..." Ta goge littafin da zaninta, ta sake gogewa.

Na ce ba komai.

A matakala na buɗe bangon baya. Tana nan. Biyar, biyar, biyar, biyar, biyar.

Na sa littafin a durowar ƙasa. Ba mai buɗe ta yanzu.

Litinin, 7:45 na yamma

Ya ce, "Yau kin fita?" Na ce sama kawai na leƙa. Ya ji daɗi har ya ƙara abinci.

Talata, 5:50 na yamma

Dakta ya turo masa wani rubutu a waya, wai a wasu kwamfutocin lambar tana ɓoye a cikin injin kansa, in an tambaya za ta fito. Ya buɗe wata baƙar taga. Ni nake karanta masa harufan ɗaya-ɗaya, shi yana bugawa da sauri don kada ta mutu. Ya danna.

Na zuba wa baƙar tagar ido.

Ba ta ce komai ba. Layi ɗaya fayau, sai ɗan fari yana ƙiftawa. Ya sake bugawa, haka. Ya kira Dakta ya sa a bayyane.

"Injiniya, ai tsohuwa ce, ba a haife ta da shi a ciki ba. Kawo ta gobe. Akwai 'yar manhajar da nake sawa ta tono lambar, in dai tsohuwar ta daure ba ta suma ba."

Gobe.

A littafi, in mace tana ɓoye abu, hannunta rawa yake yi har kofi ya faɗi. Ni na zuba masa shayi ko ɗigo bai zuba ba.

Laraba, 9:00 na safe

Ya tafi da ita. Kafin ya fito daga wanka na buɗe na duba sau ɗaya.

Laraba, 12:30 na rana

Shara. Wanki. Na sake shara.

Na ɗauko littafin da na kife waccan Talatar. Har yau ban wuce shafi na sittin da huɗu ba. Abin da nake so a littattafai shi ne in abu ya yi nauyi sai marubuciya ta sa taurari uku a tsakiyar shafi, ta rubuta "bayan shekara biyu." Sai ka ga yarinyar ta yi ƙiba, tana dariya a lambu. Ba wanda yake faɗin abin da ta yi ranar Laraba da rana.

Laraba, 6:25 na yamma

Ya dawo da ita. Ya ajiye a tebur bai kalle ni ba.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Ba yau ba."

Yana shiga banɗaki na buɗe. Tana nan. Kwakwa.

Na ce alhamdulillahi, sai kuma na rasa a kan me na faɗa.

Juma'a, 4:15 na yamma

Ya sauko da katakon zanensa na makaranta daga saman kabad, da dogon rula da fensira. Ya shimfiɗa babbar takarda a teburin cin abinci, ya danne kusurwoyin da kofuna huɗu. Yanzu a tire muke cin abinci.

Da hannu yake zana benen Mai Taya. Ya ce in ya gama zai je gidan wani abokinsa a can ƙarshen gari ya ari kwamfuta ya shigar. Mota biyu ake hawa, kuma abokin da yamma kawai yake bayarwa, awa biyu.

Na ce, "Ba wahala?"

Ya ce, "Da can da me aka gina duniya?"

Garin robar goge fensir ya cika ƙarƙashin tebur. Ni nake sharewa.

Asabar, 8:50 na safe

Ashirin da tara. Abarba. Wai in rage tsayuwa.

Lahadi, 3:00 na rana

Umma ta kira. Kin ci abinci, kina shan maganin, kina fita. E, e, e. Ta ce, "Allah bai manta da ke ba, 'yar nan." Na ce na sani, Umma.

Ta ce, "Shi fa? Kina lura da shi? Namiji ba ya kuka a gabanki, sai dai ki ga wandonsa yana saɓulewa."

Na duba bel ɗinsa da ke rataye. Ya huda sabon rami, da ƙusa ma ya huda, bai daidaita ba.

Talata, 1:40 na rana

Mai Taya ya zo har gida. Injiniya ba ya nan. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Madam, a gaya masa ni fa na riga na sauke bulo. Bulo yana zaune yana kallona, ina kallonsa. Saura kwana tara wata ya mutu. In ba zai iya ba ya faɗa mini, masu zane ba su ƙare a gari ba."

Na kawo ruwa. Ya shanye, ya ɗan sauko.

"Ni ban ƙi shi ba. Yaron kirki ne, na kuma ji abin da ya same ku, Allah ya mayar da alheri. Amma wai kwamfuta! Ni in taya ta yi faci, ba na zama ina yi mata addu'a."

Na ce zan faɗa masa.

Da ya tafi na buɗe durowar ƙasa na zauna a gabanta. Littafin yana nan shi kaɗai a tsakiya. Na rufe.

Talata, 7:30 na yamma

Na faɗa masa saƙon Mai Taya, na cire maganar masu zane ba su ƙare ba. Ya ce, "Bulo ba ya ruɓewa." Ya ci gaba da feƙe fensir. Abokin nasa ya yi tafiya, sai sati mai zuwa.

Alhamis, 2:10 na rana

Yau na fita ni kaɗai, karo na farko. Na je shagon Dakta. Na san layin, bayan masu gyaran waya, hawa na biyu. Ɗaki ne ɗan ƙarami, kwamfutoci a jibge kamar faranti, fanka tana juyawa ba murfi. Dakta mutum ne mai furfura da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

Na ce ni matar Injiniya ce.

"Ah! Madam da kanta! Ga kujera, ƙafa uku gare ta amma ba ta taɓa ka da kowa ba. Yaya tsohuwarmu?"

Na ce tambaya na zo yi. In aka yi wankan, akwai wata 'yar manhaja a ɓangarena, ba yadda za a yi ta tsira yadda take?

"Wace iri?"

Na ce ta ƙirga kwanaki ce.

"Wannan ai ba komai ba ce. Bayan wanka sai ki sake saukewa, ki rubuta mata kwanan watan, ta ɗora daga inda ta tsaya. Minti ɗaya."

Na ce, "Ni zan rubuta?"

"To wa? Sabuwa ce za ta zo, ba ta san komai ba sai abin da kika faɗa mata."

Ta yanzu ba ƙarya take yi ba, ba a faɗa mata ba ne. Sabuwar kuwa ni ce zan zauna da yatsuna in yi mata ƙarya. Na san ba zan iya ba.

Na miƙe, na ce to, Allah ya sa dai a samu lambar.

Ya sauke tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido. "Wace lamba?"

"Ta lasisin."

"Madam, ai an samu tun Larabar makon jiya. Minti biyu ba ta yi ba ta fito. Ni na rubuta masa a bayan katina, na karanta masa sau biyu. Na ce a kwantar da ita yanzu, kafin la'asar ta tashi garau. Shi ya ce a dakata."

Na ce, "Ya ce me?"

"Ya ce akwai abin da madam ba ta gama da shi ba a ciki. Na ce a kwashe a filash mana, ya ce ba irin wanda ake kwashewa ba ne. Ni dai na ce to, tsakanin miji da mata sai Allah." Ya dube ni. "Ko na yi ɓaranɓarama ne?"

Na ce a'a.

A ƙafa na dawo. Ban san na wuce tashar mota ba sai da na hango layinmu.

Alhamis, 5:00 na yamma

"Ba yau ba." Haka ya ce ranar. Bai ce ba ta fito ba. Ni ce na ji abin da nake son ji.

Juma'a, 8:15 na yamma

Bayan mun ci abinci ya koma kan zanensa. Na je na buɗe durowar ƙasa. Ya ji ƙarar, na ga fensirinsa ya tsaya.

Na kawo littafin, na buɗe bangon baya, na ajiye a kan benen Mai Taya.

Ya daɗe yana kallo. Ya karkata littafin, takardar ta canza launi.

"Mai tsabta," ya ce.

Na ce, "Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka nuna mini gurbin na san inda take."

Ya gyaɗa kai. Ya zaro walat ɗinsa, ya ciro katin Dakta daga bayan hotona, ya ajiye kusa da littafin.

Na ce, "Na je wurinsa jiya."

"Bakin Dakta ai ba shi da murfi, kamar fankarsa."

Muka zauna. Can ya ce bari mu gwada ko sun yi daidai. Yana karanta ta katin, ina bin ta littafin da yatsa. Biyar, biyar, biyar, biyar, biyar. Ko harafi ɗaya bai saɓa ba.

Na ce, "Yaya aka yi ka sani?"

"Kalmar sirrinki sunan matuƙin jirgin nan ne. Wata uku kina ba ni labarinsa, ko barci nake zan iya rubutawa."

"Kana buɗewa?"

Ya ɗauki roba yana goge wani layi da ba abin da ya same shi. "Kafin ki tashi."

Na ce, "Kullum?"

"Abarba," ya ce.

A littafi nan ne ake rungume juna a yi kuka, a rufe babi. Mu dai ya ci gaba da goge layin har takardar ta kusa hujewa, na riƙe hannunsa ya daina.

Ya ce, "Ba dole sai yanzu ba. Mai Taya ba a titi yake kwana ba. In ya tafi, wani zai zo."

Na mayar da kofin da ya goce kan kusurwar takarda.

Asabar, 9:10 na safe

Talatin. Yau tare muka buɗe, shi a tsaye a bayana. Ba ta ɗauke ba sai da ta yi minti bakwai.

Lahadi, 4:30 na yamma

Na yi lissafi a bayan wannan littafin. Saura sati goma ta kai arba'in. Na taɓa leƙa ƙarshenta tun da can, lokacin da nake ɗoki, irin yadda nake leƙa shafin ƙarshe na littafi. Kankana ce. Bayan kankana akwai wani shafi mai balan-balan, yana tambayar suna da nauyi.

Saura kwana huɗu wata ya mutu. Dakta ya ce aikin rabin yini ne. Injiniya ya ce in manhajar zanensa ta buɗe, kwana biyu sun ishe shi, tun da ya riga ya gama komai a takarda.

Na kwashe littattafaina da hotuna a filash, da kaɗan-kaɗan, tana mutuwa ina kunnawa. Sau tara. Na kwafi lambar a takarda biyu, ɗaya a jakata, ɗaya na manna a cikin ƙofar kabad. Na mayar wa Maman 'Yan Biyu na biyun, na haɗa mata da na uku. Ta ce in shigo, na shiga. Na ɗauki Hassan, ya tauna mini gyale.

Lahadi, 6:50 na yamma

Na goge masa rigar nan mai ratsin shuɗi.

Na sa kwamfutar a jakarta da cajar. Gobe ƙarfe tara ni zan kai ta wurin Dakta. Ba zan sake sa manhajar ba.